Yoyon da Ba Ya Ɗiga Ƙasa



Shekara biyu da 'yan watanni motar Yayanmu ta yi lulluɓe da tamfol a gindin darbejiyar gidanmu. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya iya ɗaukar makullinta daga inda ya rataye shi. Toyota Celica ce ja mai ƙofa biyu, ƙirar 1996, irin mai zagayayyun fitilu huɗu a gaba, yaran unguwa suna ce mata mai ido huɗu. Da kyar mutum biyu ke zama a kujerar baya, ga ta ƙasa-ƙasa, ko wane tudun rage gudu sai ta goga ciki. Umma kan ce ba ta ga amfanin motar da ba za ta ɗauki buhun shinkafa da mutum uku ba. Shi kuwa Yaya, in ka ba shi kunne, sai ya kwana yana ba ka labarin yadda Celica ta sha cinye gasar Safari a Kenya, da yadda Carlos Sainz ɗan ƙasar Sifen ya zama zakaran duniya da ita a 1990 da 1992. Tasa ba irin ta gasar ba ce, ya sani, mu ma mun sani, amma ba mu taɓa katse shi ba.

Da aka zauna maganar gado, aka ce a sayar. Ya bar Umma da matarsa da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Tunda akwai ɗa namiji, mu ƙannensa biyu ba mu da ko sisi a ciki, sai dai wahalar tayar da motar da nemo mai saye, kuma a gama kafin a koma makaranta a watan Satumba, don da kuɗin ake son biya wa yaran. Ɗayanmu tela ne, ɗayan kuma ya yi difloma a fannin injina a foliteknik. Wannan difloma ita ta sa duk gida aka zuba mana ido, ita ce kuma ta sa muka ƙi zuwa wajen tsohon bakaniken Yaya tun farko.

Mun sa batir, mun zuƙe tsohon fetur, mun canja baƙin mai, mun hura tayoyi. A bugu na uku ta tashi. Ranar Laraba da la'asar muka fita da ita za mu nuna wa dillali.

A wata danja a titin Gidan Zoo abin ya faru. Ja ta tsayar da mu, muna giya ta ɗaya, ƙafa na kan kuloci kamar yadda yawancinmu muka saba, gabanmu ɗan Adaidaita Sahu ɗauke da mata da goyo. Can sai muka ji motar tana rarrafawa gaba da kanta. Ƙafar ba ta ɗaga ba ko kaɗan, amma kulocin ya fara kamawa, fedar ta yi laƙwas kamar an taka ɓawon ayaba. Aka danna birki, injin ya yi gurnani ya mutu. Tsakaninmu da bayan keken nan bai fi tafin hannu ba. Giya ta ƙi fita sai da aka finciko ta, na baya suna ta danna oda, wani yana yi mana kirarin masu koyo. Da aka ɗago fedar da bakin takalmi aka tattaka ta sau biyu, sai ga ta ta dawo da ƙarfinta kamar ba ita ba.

A gefen titi muka buɗe bonet. Babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Ɗan kofin man kuloci cike yake har layinsa, sai dai man da ya kamata ya zama garau kamar man gyaɗa ya koma kalar shayin da ya kwana. Muka shafa kafet a ƙarƙashin fedar, a bushe yake ƙayau.

Dillalin ya saurare mu har muka gama, ya yi dariya. Ya ce, "Samari, wannan ai ba ciwo ba ne. Mai saye zagaye ɗaya zai yi ya dawo. Wa kuka ga ya tsaya minti guda ƙafarsa a kan kuloci yana gwada mota? Ku tattaka ta kafin ya iso, shi ke nan. Kuɗin marayu ne fa, kada ku je ku narkar da shi a gareji."

Za mu so a ce nan take muka ƙi. Ba mu ƙi ba. Shiru muka yi, har muka dawo gida ba wanda ya ce wa ɗan uwansa komai, kowa yana lissafi a zuci. Maganarsa akwai gaskiya a ɓangare guda: lahanin ba ya ganuwa, ba ya wari, ba ya ƙara. Sai bayan isha'i telan cikinmu ya ce, to in mai sayen ya tsaya a danja, kuma wannan karon ba keke ne a gabansa ba, yaro ne yake tsallaka titi fa? Daga nan ba a sake ɗauko zancen ba.

Bari mu ɗan yi bayanin abin da ya lalace, domin mai mota da yawa bai taɓa ganinsa ba alhali kullum ƙafarsa na kansa. A wasu motocin waya ce ke haɗa fedar kuloci da giyabos. A irin ta Yaya mai ne ke aikin. Ku ɗauki sirinji biyu, ku haɗa bakinsu da siririn bututu, ku cika da ruwa: in kun danna ɗaya, ɗayan zai turo waje. Na farkon shi ne masta, wanda makanikai ke ce wa kulocin sama. Yana manne a jikin ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, da 'yar sanda da ta ratso ta haɗu da feda. Na biyun yana ƙasa a jikin giyabos, shi ke tura ƙarfen da ke raba farantin kuloci da inji har giya ta samu shiga. Ruwa ba ya matsuwa, don haka duk ƙarfin da ƙafa ta sa a sama yana isa ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar Pascal, Bafaranshen nan na ƙarni na 17, wadda muka haddace muka zuba a takardar jarrabawa ba tare da mun taɓa shafa man birki a hannu ba.

A cikin masta akwai fistin mai robobi. In robar baya ta mutu, mai na bin sandar ya gangaro cikin mota, ka ga kafet ya jiƙe, kofi yana raguwa. Wannan mai sauƙin ganewa ne. In ta gaba ce ta mutu, man ba ya fita waje. Yana zillewa ta gefen robar ya koma kofin da ya fito. In ka taka da sauri ka saki, ba ya samun lokacin zillewa, komai lafiya lau. In ka taka ka riƙe, a hankali ƙarfin ke tsiyayewa, kuloci ya kama kansa alhali ƙafarka na ƙasa. Abin da ya same mu a danja ke nan.

Da safe muka sayo robobin gyara, waɗanda kuɗinsu bai kai na cin abincin rana na mutum uku ba. Muka kwance mastan, muka cire ɗan zoben ƙarfen da ke riƙe fistin, muka zaro shi. Robar ta yi laushi, bakinta ya cinye. Da muka haska tocila cikin ramin sai muka ga ƙananan ramuka a ƙasansa, kamar fuskar da ƙyanda ta ci.

Dalilinsu shi ne abin da ya fi ba mu haushi, don an koya mana shi a aji. Man birki, irin DOT 3 da DOT 4 da ake zubawa a kuloci, yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, kuma ruwan nan yana cin ƙarfe daga ciki. Shi ya sa ake cewa a canja shi duk bayan kamar shekara biyu, ko motar na tafiya ko tana ajiye. Ta Yaya ta ga damina biyu a ƙarƙashin tamfol, fistin na tsaye wuri guda, kuma Allah kaɗai ya san shekarun da man ya yi kafin nan. Mu a tunaninmu lulluɓe ta da muka yi adana ta muka yi.

Duk da mun ga ramukan, muka naɗe samfefa mai laushi a jikin fensir muka goge, muka sa sababbin robobi, muka mayar. Mun san ba daidai ba ne. Roba sabuwa a kan rami mai kaushi kamar sabon takalmi ne a kan ƙaya. Amma arha tana da daɗin baki, kuma kwana huɗu motar ta yi tana ba mu gaskiya. A na biyar, a ƙofar gida, muka taka muka riƙe muna ƙirgawa. Kafin mu kai talatin ta fara rarrafawa.

Ga masu tambaya ko a gyara ko a canja, abin da muka gani da idonmu ke nan: a haska cikin ramin. In sumul yake kamar cikin kofin gilashi, robobi sun wadatar. In farce na maƙalewa a jikinsa, kuɗin roba asara ne, a nemi sabo.

Neman sabon ya ci mana kwana uku. An daina ƙera Celica tun 2006, kuma dama ba mota ce da ta cika gari ba. A Ƙofar Ruwa mun shiga shago ya fi goma da tsohon a leda. Wani ya ce na Corolla zai hau, wani ya ce na Carina, kowa da tabbacinsa. Mun samu wani na Beljiyam da aka ciro daga irin motar sak, har mun yi murna, da aka jera su sai muka ga bakin bututunsa na kallon wani gefen. Mai shagon ya ce daga mota mai sitiyari a dama aka ciro shi, irin ta Japan. Mu kuwa a ƙasar nan tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu na hagu. Ko da ya hau ma, tsohon masta da ba ka san shekarun da ya yi a kwance ba, ciwon da ka gudo shi za ka sake saya. A ƙarshe wani dattijo ya sa aka aiko mana da sabo na kamfanin Aisin daga Legas, muka gwada tazarar ƙusoshinsa da faɗin raminsa da tsawon sandarsa da na tsohon, suka yi daidai.

Kuɗinsa kuwa ba mu taɓa na marayu ba. Akwai 'yan kuɗin da aka shekara ana tarawa a gefe don buga wani ɗan littafi, su aka fasa. Littafin yana nan a cikin waya, bai san an yi ba.

Ɗaurawar ba ta da wuyar fahimta, wuyarta a jiki take. Daga wajen inji, noti ɗaya ne na bututu, mai lamba goma, kuma in ka sa masa sifana mai buɗaɗɗen baki ka matsa da ƙarfi sai kusurwoyinsa su murje, ka shiga wata sabuwar masifar. Akwai sifanar da aka yi domin irinsa, mai kama noti ta kusan ko'ina, mun aro ta. Mun shimfiɗa tsumma ko'ina, saboda man birki in ya ɗiga a fenti yana cinye shi, ga shi jan fentin nan shi ne rabin kuɗin motar. Sauran aikin a ƙarƙashin sitiyari yake. Sai ka tura kujera baya, ka kwanta rigingine, kanka a inda ƙafafu ke zama, ƙafafunka a waje, tocila a baki, kana laluben 'yar ƙusar da ta haɗa sanda da feda.

A wannan kwanciyar muka ga robar da ke kan fedar kulocin. Ta cinye ta gefen hagu har ƙarfe ya leƙo, gefen dama kuwa zanenta na nan. Yaya da gefen ƙafa yake taka kuloci, haka takalmansa ma suke cinyewa, Umma ta sha yi masa faɗa a kai tun yana yaro. Wanda ke ƙarƙashin ya daɗe bai ce a miƙo masa komai ba, na wajen ma bai tambaya ba.

Sai fitar da iska. Duk kumfar da ta rage a bututu matsuwa take yi, ta shanye takun, fedar ta zama kamar soso. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera, ɗaya a ƙarƙashin mota wajen kulocin ƙasa, inda akwai ɗan noti mai huda. Na ƙasa ya ce "Taka!" a taka sau uku. "Riƙe!" ya sassauta notin, mai da kumfa su fito ta siririn tiyo zuwa cikin gora, ya ɗaure. "Saki!" In na sama ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma, a sake daga farko. In kofin sama ya ƙafe ma haka. Don haka muka ɗora ɗan Yaya, mai shekara bakwai, a kan kujerar tsuguno, muka ce aikinsa ya kalli kofin, in mai ya sauka ƙasa da layi ya yi magana. Ya riƙe aikin nan da gaske, har da ɗaure fuska. "Baffa, ya sauka!" Sai a ƙara. Baƙin ya fita, ruwan ƙasa-ƙasa ya biyo, har garau ya fara zuwa ba kumfa.

Kuskuren da ya kusa cinye komai a nan muka yi shi, kuma ilimi ne ya jawo. Mun lura fedar tana da ɗan wasa a sama kafin ta fara tura fistin. Mai difloma ya ce wannan asarar taku ce, aka sassauta noti aka ƙara wa sandar tsawo har wasan ya ɓace. Fedar ta yi tauri, giya na shiga kamar wuƙa a man shanu. Muka yi wanka muka hau hanyar Zariya gwaji.

Har muka wuce Kura lafiya. Da muka zo wuce wata tirela aka ba ta wuta, sai injin ya yi kuka, allurar ta haura, motar kuwa ba ta ƙara gudu ba. Ga mota na tahowa daga baya da fitila, ga tirela a gefe. Da kyar muka koma bayanta. Wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika motar. Muka sauka gefe, gwiwa a sanyaye, don mun san in farantin kuloci ya ƙone sai an sauke giyabos, kuma wannan kuɗin ba mu da shi, littafi na biyu ma babu.

Bayan ta huce muka lallaɓo da ita, kai tsaye garejin da muka yi wata guda muna kauce wa. Tsohon yana zaune a kan benci yana cin goro. Ya daɗe yana kallon motar kafin ya kalle mu.

"Ku ne ƙannen marigayi? Sai yau?"

"Mu ne, Baba. A yi haƙuri."

Muka ba shi labari tun daga danja. Bai buɗe bonet ba. Ya buɗe ƙofa, ya durƙusa, ya danna fedar da yatsa biyu. Ya ce, "Wa ya kashe mata wasa?" Ba wanda ya amsa, telan dai ya kalli sama.

Ashe a cikin mastan akwai wata 'yar huda da ke haɗa ramin da kofi, wadda ba ta buɗewa sai fistin ya koma baya gaba ɗaya. Ta nan mai ke komawa in ya yi zafi ya kumbura. Da muka ƙara tsawon sanda, fistin ya daina komawa ƙarshe, hudar ta toshe. Tafiya ta yi nisa, mai ya ɗau zafi, ya rasa hanyar komawa, sai ya riƙa tura kulocin ƙasa da kansa, kamar mutum ya ɗora ƙafa a kan feda yana tuƙi. Wasan da muka raina, wanda bai fi faɗin yatsa ba, aikinsa ke nan. Hoton wannan hudar yana cikin littafin da muka yi jarrabawa da shi, har da kibiya.

Minti biyar bai cika ba ya mayar da sandar. Ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya saki kuloci a hankali, injin ya mutu nan take. Ya ce farantin ya ji wuta amma bai mutu ba, da mun ƙara nisa da sai dai wani. Sannan ya buɗe kofin birki ya nuna mana: kalar shayin nan dai. "Kun canja na kuloci kun bar na birki. Wanne ne a cikinsu yake tsayar da mota?" Ranar muka canja shi a gabansa, mu ke takawa, yaransa na ƙasa. Da muka tambayi kuɗin aiki ya ce mu ba yaran na sabulu, shi tsakaninsa da Yaya ba wannan.

Mai sayen wani ma'aikaci ne daga Kaduna, ya ce tun yana sakandare yake mafarkin irinta. Muka ajiye masa tsohon mastan a kan bonet, muka faɗa masa komai, har da warin hanyar Zariya da abin da Baba ya ce game da farantin. Dillali yana ta taka mana ƙafa. Mutumin ya rage wani abu a kan farashin saboda farantin, muka kira Umma da Anti a waya suka amince. Ya shiga, ya sa giya ta ɗaya, ya taka kuloci ya riƙe yana duba agogonsa, minti ɗaya cur. Motar ba ta motsa ba.

Da zai tafi ya leƙa ƙasa ya ce robar fedar nan ta mutu, zai canja ta in ya isa. Muka ce in ba damuwa ya bar mana ita. Ya ɗan yi mamaki, ya sa hannu ya ɓanɓaro ta ya miƙo, ya ja motar a kan ƙarfe tsirara. Tana nan rataye a ƙusar da makullin yake a da.